Tambaya Ashirin da Uku

Sun ba ni takarda mai tambaya ashirin da uku,
da biro biyu, da kuɗin mota zuwa Panteka.
Suka ce: tambaya kawai, ban da wa'azi,
ba gyaran kowa aka aike ka ba, ƙirga aka sa ka.

Na fara da Tanimu mai walda.
Kara nawa kake sha a rana?
Ya ɗage gilashin fuskarsa ya dube ni:
"Ranar da akwai aiki, ko ranar da babu wuta?"
Takardata ba ta san ana ɗauke wuta ba.
Na rubuta goma.
Ya ce in ƙara biyu, don Allah na gani.

Yaushe ka fara?
Bitrus direban tifa ya ce a bakin kogi ne,
yana ɗan sha huɗu, yana lodin yashi,
sanyin asuba ya huda ƙashi,
wani babba ya miƙo masa guntu ya ce, ungo bargo.
Babban ya rasu bara. Tari.
Bargon yana nan.

A Kakuri na iske Baba Dogara
a gindin katangar masaƙar da ta yi shiru.
Tambaya ta tara: me ke sa ka sha?
Damuwa, abokai, ko sabo? Zaɓi ɗaya.
Ya ce da can jiniya ke yanka masa yini,
ta shiga, ta hutu, ta tashi.
Yanzu sigari ce agogonsa:
ɗaya da hantsi, ɗaya in rana ta take,
ɗaya in 'yan makaranta sun wuce da surutu.
Na nemi gurbin agogo, babu.
Na yi alama a kan sabo, hannuna yana jin nauyi.

Ka taɓa gwada dainawa?
Kafin Magaji ya buɗe baki
Lantana ta amsa daga bayan tukunyar wake:
"Kowane azumi yana tuba, kowace Sallah yana komawa."
Aka yi dariya. Shi bai yi ba.

Sidi mai faci ne ya riƙe ni har la'asar.
Shekara uku ke nan rabonsa da ita.
Ba likita ba ne, ba hoton huhu a jikin kwali ba.
'Yarsa ce, wata safiya, ta tsinci guntun alli,
ta maƙala a leɓe, ta karkace kai,
ta yi tari irin nasa, sak,
tana jiran ya tafa mata.
Ya ce makon farko har tayar mota ya zaga.
Ya zaro kanumfari daga aljihu ya ba ni uku:
"Baki bai son zaman banza, ba shi aiki."

Da yamma na kai wa Dakta Asabe takardu sittin.
A kwamfutarta Tanimu ya zama ɗigo,
Baba Dogara ya narke cikin kashi kaza bisa ɗari.
Ta ce da ɗigon nan za a shiga makarantu,
a riga mai miƙo guntu isa wurin yaro.
Na yarda da ita. Har yanzu na yarda.

A ƙarƙashin gadar Kawo, ina jiran mota,
hannuna ya tafi aljihu ba da izinina ba,
hanyar da ya sani tun ina aji biyar.
Takarda ɗaya ta rage a jaka, fara fat.
Na ɗora ta a gwiwa.
Lamba sittin da ɗaya.
Kara nawa? Bakwai.
Na ƙara biyu.

Tambaya ta ƙarshe: kana da niyyar dainawa?
Biro ya tsaya a sama kamar shirwa.
Kwandasta yana ta kiran Mando, Mando.
Yatsuna suka ratsa ta gefen kwali
suka taɓo kanumfarin Sidi.

Yana da yaji.
Ban cike gurbin ba tukuna.